Muryar da Mansura Ta Wanke

Duk wanda ya taɓa kai buhun aya kasuwar Cadawa ya san Baturiya mai awo, in kuwa bai san sunanta ba, to ya san hannunta. Doguwar mace ce fara, abin da ya jawo mata sunan ke nan tun tana zanen goyo, ga wani giɓi a haƙoranta na sama wanda ba ta taɓa damuwa da ɓoye shi ba. In ka sauke mata buhu, ayar da ke sama ba ta ishe ta kallo ba. Sai ta naɗe hannun riga, ta luma hannu har kafaɗa, ta damƙo ta can gindi, ta baza a tafi tana hurawa. In ta tarar da tsakuwa ko rairayi ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Tsakuwar za ta tsince ta miƙa maka, ta ce, "Riƙe kayanka, wannan ban saye ba." Magidanta masu furfura sun sha sunkuyar da kai a gaban rumfarta.

Waɗanda suka san ta da ƙuruciya sun ce ba da wannan hali aka haife ta ba. 'Yar manoma ce, kakanninta daga kudu suka hauro, ta taso da dariya da son waƙar daka. Mijinta Sule ne ya koya mata rashin yarda, ba don shi maƙaryaci ne ba, a'a, don shi kowa ya rantse masa sai ya ce Allah sarki, ai ba zai yi ƙarya ba. Sau nawa aka cika masa buhu da ƙasa aka rufe da aya mai kyau? Har ya koma ga Mahaliccinsa bai koyi hankali ba, Allah ya ji ƙansa. Ya bar mata rumfa, da tiyar awo, da ɗa guda ɗaya tilo, Labo. Tun daga ranar da ta fita takaba ta zauna a rumfar nan, ta ƙudurta cewa ita dai ba za a mayar da ita Sule ba.

Labo shi ne ɗan fari, shi ne kuma auta, don haka kunya ta hana ta kama sunansa. "Yaron nan," haka take cewa, ko "na gidanmu." Ko yana ƙarami ya faɗi ya fasa baki a gaban mutane, sai ta kau da kai, wata ta ɗauke shi. Wanda bai san al'ada ba sai ya ce matar nan ba ta da tausayi. Ina! Da ya girma ya bi 'yan'uwansa samari zuwa Libiya, ya samu aikin gini a Sabha, sai da ta rame har zane ya riƙa kwance mata, amma in ka tambaye ta sai ta ce ciwon ciki ne ya sa ta gaba.

A shekarun farko babu salula a hannun talaka, sai kaset. Labo zai zauna gaban rakoda ya yi ta magana har kaset ya cika, ya ba wani mai dawowa gida. In saƙo ya iso, maƙwabta su cika tsakar gida a kunna. Shi kuwa sai ya yi gyaran murya, ya sake yi, sannan ya fara gaisuwa daga babba zuwa ƙarami, liman, mai unguwa, baffanni, har tsohuwar da ke sayar da daddawa bai bari. Baturiya tana gefe ta ba rakodar baya, tana tankaɗe ko tsintar aya, kamar ba da ita ake ba. Amma in wani yaro ya yi surutu ta rasa kalma ɗaya, ranar zai san wa ya taɓa. Kaset ɗin nan duk ta adana su cikin wata kwalla a ƙarƙashin gado.

Sai kuma Mansura, ɗiyar ƙaninta, wadda aka ba ta riƙo bayan tafiyar Labo don kada gidan ya yi mata faɗi. Yarinya ce mai kaifin kai da saurin baki. Ta yi lakol, wato makarantar boko, iya yi, a shekarar da sojoji suka karɓi mulki suka ce za su shirya zaɓe su koma bariki, ta samu shiga wata makaranta a Maradi inda ake koyar da gyaran hoto da haɗa sauti a kwamfuta. Lokacin aikin yana ci, don jam'iyyu sun farfaɗo, kowane ɗan takara yana son hotonsa a bango da muryarsa a rediyo. Baturiya ba ta hana ba. Cewa kawai ta yi, "Hoto in ya lalace ai ya lalace. Mi za a gyara?"

Ta ga abin da za a gyara kuwa. Wani hutu Mansura ta zo da kwamfutar makaranta, irin ta naɗewa, wai an ba su aikin gida: kowa ya ɗauki hoton wani nasa yana sana'a, ya gyara shi, ya kawo a ba shi maki. Ta ɗauki gwaggonta a rumfa. Bayan la'asar ta kira ta ɗaki tana ta ƙyalƙyala dariya.

"Gwaggo, zo ki ga amarya."

Baturiya ta leƙa. Wata mata ta gani sanye da zanenta da kallabinta, amma fuskar sumul, ba tamoji ko ɗaya, giɓin haƙori ya cike, jakin Tala maƙwabcin rumfarta da ke ɗaure a baya ya ɓace, rumfar ma ta ɓace, ga wani gidan bene mai furanni a bayanta.

"Wace ce wagga?"

"Ke ce mana!"

"Ina jakin Tala? Yana nan tsaye lokacin da kika ɗauka, ni na gan shi."

"Na goge shi, Gwaggo. Ya ɓata hoton."

Baturiya ta daɗe tana kallo, ba ta yi dariya ba. Sai a lokacin ta gane wani abu da ya daɗe yana damun ta. Akwai wani ɗan takarar kansila da aka manna hotonsa a jikin tashar mota, ta san shi tun yana yawo ba wando, idonsa na hagu a karkace yake tun haihuwa, amma a hoton idanun nan biyu ras suke kallon mutum. Ta ɗauka asibiti ya je. Ashe irin su Mansura ne likitocin.

Na sauti ya fi tayar mata da hankali. Mansura ta bar abin ɗaukar magana a buɗe suna hira wajen murhu, washegari ta ce, "Gwaggo, saurari abin da kika faɗa jiya." Sai ga muryar Baturiya, tata ta kanta, ba ta wata ba, tana cewa, "Wallahi Mansura ta fi ni iya tuwo."

"Ƙarya ne! Yaushe na ce haka?"

Yarinya ta faɗi kan tabarma tana riƙe ciki. Ta nuna mata yadda ta tsinko "wallahi" daga zancen tsadar gero, ta ɗauko "ta fi ni" daga zancen wata maƙwabciya mai tsawo, ta yanka nan ta liƙa can. A fuskar kwamfutar muryar ta zama wasu ƙananan tsaunuka koraye, ana datsa su da 'yar kibiya kamar tela da ƙyalle. Baturiya ta ƙura wa tsaunukan ido. Rantsuwarta, wadda duk kasuwar Cadawa ta san ba ta yin ta a banza, ga ta an ɗauke an ɗora wa tuwo.

Da za ta koma Maradi, Mansura ta roƙi kaset ɗin kwalla. Babban aikinsu na ƙarshen shekara ke nan, in ji ta: a samo tsohon kaset, a juye shi cikin kwamfuta, a cire masa shuuu ɗin nan da ƙara, ya fito tas. Ta ce kaset yana cinyewa, in ba a juye ba wata rana muryar Yaya Labo za ta tafi gaba ɗaya. Wannan maganar ce ta karya Baturiya. Ta ba ta, tana ƙunƙuni. An dawo mata da su lafiya, ba wanda ya ɓata, amma tun daga ranar ta san muryar yaron nan tana kwance cikin akwatin Mansura, inda ake yanka da liƙi.

Aka yi zaɓen 'yan kansila, aka yi na shugaban ƙasa zagaye na farko, motoci masu lasifika suka hana kowa sakat. Ana cikin wannan sai rediyo ta fara kawo labarin Libiya. Faɗa ya ɓarke, ana farautar baƙaƙen fata, ana ƙwace musu kaya. Labo da ya saba kiran salular Mansura ko ta Tala maƙwabcin rumfarta duk Juma'a, sai shiru. A kira lambarsa, wata mata ta yi ta Larabci ta kashe. Motocin Agadas suka fara sauke mutane a bakin hanya, ramammu, wasu ba ko takalmi. Duk wadda ɗanta ke can ta bazama tana tambaya. Baturiya kuwa ba dama, kunya ta ɗaure mata baki. Sai dai in ta ga baƙuwar fuska a kasuwa ta ce wa Tala, "Wancan kamar daga arewa ya fito, je ka ji ko yana son aya." Tala ya san ayar da ake nufi, ya je ya dawo yana girgiza kai. Tsoro ya shige ta sosai.

Ana saura kaɗan a yi zagaye na biyu aka sallami su Mansura hutu. Ranar kasuwar Agiye Baturiya ta dawo da yamma a gajiye, ƙafafu duk ƙura, ta tarar da yarinyar a bakin ƙofa tana jiran ta, idanunta jawur amma bakinta na murmushi.

"Gwaggo, albishirinki! Saƙon Yaya ya zo."

Ta ce wani mutumin Gazawa ne ya kawo, Ɗanbaba, wanda suka yi aiki tare da Labo a Sabha. Ya iso gida, ya zo takanas da hantsi, bai tarar da Baturiya ba. Labo ya yi magana a salular Ɗanbaba ya ce a kawo wa Inna, shi ne Ɗanbaban ya tura wa Mansura cikin tata, ya juya don kada ya rasa mota.

Baturiya ta zauna bakin gado ba ta ko cire mayafi ba. Mansura ta buɗe kwamfuta ta danna.

"Salamu alaikum, Inna. Ni ne. Ina nan Sabha, ina lafiya. Muna jiran mota. Kada ki damu. A gaida kowa da kowa. Sai na zo."

Shi ke nan. Murya tas, kamar yana zaune a ɗakin. Zuciyar Baturiya ta yi tsalle, hawaye ya kawo, har ta buɗe baki za ta ce alhamdu lillahi. Sai ta rufe bakin.

"Sake."

Aka sake. Ta karkata kunnenta mai ji sosai.

"Mi ya sa a kwamfuta? Ba a salularki kika ce ya sa ba?"

"Ƙara ta yi yawa, Gwaggo, iska da motoci. Ba za ki ji komi ba. Shi ne na wanke maki shi."

"Kunna mani mai dattin."

Mansura ta sunkuyar da kai tana gyara wata igiya da ba ta buƙatar gyara. "Na goge shi. Salular ta cika."

To fa. Baturiya ta tashi ta ɗauki buta. Amma kanta ya kama aiki kamar injin niƙa. Yaron nan bai taɓa buɗe baki gaban rakoda bai yi gyaran murya ba, ina gyaran muryar? Yaron da ke gaida mai daddawa, yau shi ne zai ce a gaida kowa da kowa ya wuce? Sannan wace kalma ce a ciki wadda babu ita a kaset ɗin kwalla? "Ina nan Sabha," yana ciki. "Ina lafiya," yana cikin kowanne. "Muna jiran mota," ta tuna sarai, ya faɗi haka shekarar da ya aiko da barguna. Ga idon yarinya ja. Wanda ya kawo albishir me zai sa shi kuka tun kafin a ji?

Sai ta hango abin da take gudu. Watakila Ɗanbaban nan labarin mutuwa ya kawo. Watakila ma babu wani Ɗanbaba. Yarinya ta zauna ta tsinto kalmomin mamaci ɗaya bayan ɗaya ta jera mata, don tausayi, yadda ta jera zancen tuwo don wasa. In haka ne, ana nan an bar yaro ba addu'a, ba sadaka, uwarsa tana yawon kasuwa tana murna.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama wani iri. Mansura ta ƙara ladabi, ta karɓe girki, ta karɓe shara, ita kuwa Baturiya duk ladabin nan ƙara mata zargi yake. Ta riƙa jefa mata tambaya ba shiri. Mutumin dogo ne ko gajere? Wace riga ya sa? Ya sha ruwa? Amsa ba ta canzawa, sai ta ce a ranta ai mai kaifin kai ba ya manta ƙaryarsa. Maƙwabta suka zo barka, ta karɓa da "to, madalla" a bushe, har wata ta fita tana cewa kunyar ɗan fari dai ta Baturiya ta wuce misali. Ba ta iya fitowa fili ta ce wa yarinya, faɗa mani, yana da rai ko babu? Bakinta ba zai iya ɗaukar wannan tambaya a kan yaron nan ba.

Ran kasuwar Gazawa ta yi sammako ta ɗaura zane, ta ɗauki tiya da buhu wofi.

"Ina zuwa, Gwaggo? Ba ki cin kasuwar Gazawa ai."

"An ce ayarsu ta yi sauƙi."

Motar ta cika maƙil, ga awaki a sama, ga samari biyu suna gardamar zaɓe tun daga Cadawa har suka wuce Agiye, kowa na rantsuwa nasa ne zai ci. Wani ya tambaye ta ita wa za ta jefa wa, ta ce wanda ta gani da idonta. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba.

A Gazawa ba ta ko leƙa layin 'yan aya ba. Ta tambayi mai shayi, ta tambayi wani mai faci, ko sun san wani Ɗanbaba da ya dawo daga arewa. Da mai facin ya ce, "Ɗanbaba na Libiya? Ga shi can gindin iccen bedi," sai da ta dafa bango. Ashe dai akwai shi. Amma nan take wata zuciyar ta ce mata, akwai shi ɗin, sai me? Ba a iya haɗa baki da shi?

Mutum ne baƙi siriri, leɓɓansa duk sun tsage, yana zaune kan benci mutane sun kewaye shi, kowa da sunan da yake tambaya. Ta jira har suka ragu, ta durƙusa gefe suka gaisa.

"Daga Cadawa nike. An ce ka je da saƙo gidan marigayi Sule."

"Na Labo? Na je. Ke wace ce tashi?"

Ta dubi ƙasa. "Yaron gidanmu ne."

Ɗanbaba ya dube ta da kyau, ya sauko daga bencin ya tsuguna. "Inna, ke ce. Sannu, Inna. Ai kamarku ɗaya. Ɗiyarki ba ta kunna maki ba?"

"Ta kunna. Kunnena ne ba shi da kyau. So nike in ji daga inda ya fito."

Salular tana wurin mai caji, sai da suka taka zuwa wata rumfa inda ƙaramin inji ke ta ruri, wayoyi jere a kan tebur. Ya karɓo tasa, wata tsohuwa da aka ɗaure da roba, ya ja ta bayan rumfar inda ƙara ta ragu, ya lalubo ya danna, ya sa mata a tafin hannu.

Iska ce ta fara fitowa, fuuu, kamar za ta yaga salular. Ƙugin manyan motoci, wasu na ihu da Larabci, wani yaro na kuka. Sai gyaran murya. Sai wani gyaran muryar. Baturiya ta runtse ido.

"Salamu alaikum, Inna. Ni ne."

Daga nan tari ya sarƙe shi. Ba tarin mura ba, wani tari mai zurfi da ke fitowa daga ƙasan ƙirji, ya daɗe yana yi, ana jin yana neman numfashi. Ya dawo ya fara gaisuwa, liman, mai unguwa, baffanni, yana yi yana hutawa, bai kai ƙarshe ba ya ce, "Sauran a gaida kowa da kowa, numfashina ba ya kai." Ya ce yana nan Sabha. Ya ce yana lafiya, sai dai ƙirjin nan da ya matsa mashi tun sanyi, ga shi sun kwana biyu a fili. Ya ce motar su Ɗanbaba ta cika, masu ƙarfi ne suka iya hawa, shi an ture shi ya faɗo, suna jiran mota ta gaba. Kada ta damu.

Sai ya yi shiru, iska kaɗai ke busawa. Baturiya ta ɗauka ya ƙare. Sai muryar ta dawo, ƙasa-ƙasa, yadda bai taɓa yi mata magana ba.

"Inna, hanyar nan ba ta da tabbas. In Allah ya sa mun gana, to. In kuma bai sa ba, don Allah ki yafe mani. Ki yafe mani nonon da na sha, da duk ɓacin ran da na sa ki. Ki ce kin yafe, ko ban ji ba. Sai na zo."

Ƙit, ya yanke.

Shi ne. Wannan kam shi ne, babu akwatin da zai ƙera tarin nan. Daɗi ya rufe ta, ranar da aka ɗauki maganar nan yana da rai, yana tsaye da ƙafafunsa. Tsoro kuma ya biyo baya ya danne daɗin, don ta ji ƙirjin, ta kuwa yi jinyar Sule, ta san irin tarin.

"Bayan kun taso, ka ji labarin motar ta gaba?"

"Wallahi Inna ban ji ba. Ba zan yi maki ƙarya ba. Wasu sun tsallako iyaka sun iso Dirku bayanmu, wasu ba su iso ba tukuna. Kullum ina tambaya."

Ta gyaɗa kai. A karo na farko cikin kwanakin nan ta ji an ba ta magana ta karɓa ba ta juya ta ba.

"Gwaggo."

Ta waiwaya. Mansura ce tsaye a bakin rumfar, mayafi a karkace, da gani motar da ta biyo bayan tasu ta hau. Fuskarta sharkaf.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, wallahi, cirewa kawai na yi. Na ji tarin ne, na ji maganar ƙarshen nan, na ce in kika ji ba za ki ƙara barci ba. Tausayinki na ji."

Baturiya ba ta yi ihu ba, ba halinta ba ne. Ta fuskanci yarinyar.

"Tarin, na ji, kin ji tausayina. To roƙon fa? Yaro ya tsaya cikin rana da ciwo ya roƙi uwarshi gafara, ke kika ga ya ɓata maki aiki kika datse? Kwana da kwanaki yana jiran amsa, ni ina zaune ina auna aya. In wani abu ya same shi a tsakanin nan fa, Mansura? Da wane baki zan ce ban sani ba?"

Mansura ta durƙushe a wurin tana kuka. Mai caji ya rage ƙarar rediyonsa. Ɗanbaba ya kau da kai yana kallon hanya.

Baturiya ta juya gare shi. "Abin nan yana iya mayar da magana can?"

"Lambar ba ta shiga, Inna. Ko na ɗauka, ba wanda zai kai."

"Ya ce ko bai ji ba."

Ta ajiye tiya da buhun a ƙasa. Ta gyara mayafinta, ta riƙe salular da hannu biyu, ta kawo ta daidai bakinta. Mutane na wucewa da kaya a kai, wata motar kamfe tana tafe tana kiɗa, ba ta ga ko ɗaya ba. Matar da ba ta taɓa ɗaukar ɗanta a gaban mutane ba ta ɗaga murya a tsakiyar kasuwar Gazawa, yadda har mai faci can tsallake sai da ya ɗago kai.

"Na yafe maka. Ka ji? Na yafe maka duniya da lahira. Ba ka taɓa ɓata mani rai ba, ko sau ɗaya. Ka hau motar, ɗana. Ko an ture ka, ka sake hawa."